Yawon Buɗe Ido: Mu Zaga Unguwar Albaisin Da Ƙafa

  A wannan wata za mu ƙetare teku zuwa kudancin ƙasar Sifen, yankin da littattafan malamanmu ke kira Andalus. Birnin da muka nufa shi ne Garnada. Kowa ya ji labarin fadar Alhamra da ke can, amma yau ba ita za mu shiga ba. Tsohuwar unguwar da ke fuskantarta a kan tudun tsallaken kwari, mai suna Albaisin, ita za mu zaga. Da ƙafa kuma za mu bi ta, domin galibin lungunanta mota ba ta shiga, wasu ma jaki mai kaya sai ya yi dabara.

Kada wani ya ce ina ruwanmu da wata unguwa a Turai. Duk wanda ya yi nisa a karatun zaure ya san littafin Tuhfa na hukunce-hukuncen shari'a. To, mai shi, Ibn Asim, babban alƙalin Garnada ne, ya rasu a 1426. Alƙali Iyad, mai Ashafa da ake karantawa a watan azumi, shi ma ya taɓa riƙe alƙalancin garin. Abu Ishaƙ al-Sahili, wanda ya haɗu da Mansa Musa a Makka a 1324 ya biyo shi ƙasar Mali, ake kuma danganta masa ginin babban masallacin Tumbuktu, haifaffen Garnada ne. Haka nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo na Afirka: littafinsa da aka buga a Italiya a 1550 ya ambaci Kano da Katsina da Gobir da Zazzau da Zamfara. Bugu da ƙari, ga samarin Afirka ta Yamma birjik suna aikin gona a yankin Almeriya, tafiyar kimanin awa biyu a mota daga nan. Wanda yake da ɗa ko ƙane a can, sai ya aika masa da wannan shafi.

Kafin mu ɗaga ƙafa, bari mu san inda muka sa gaba. A 1013, sa'ad da daular Kurɗuba ke wargajewa, wani shugaban Barbar ɗan ƙabilar Sanhaja mai suna Zawi ibn Ziri ya kafa mulkinsa a kan wannan tudu, aka kewaye shi da ganuwa. Watau unguwar ta girmi fadar Alhamra da fiye da shekara 200, domin sai a 1238 Muhammadu ibn al-Ahmar, wanda ya kafa gidan sarautar Banu Nasr, ya soma gini a tudun da ke tsallake. Game da sunan kuwa, riwaya biyu ake kawowa. Wasu sun ce daga masu kiwon shahon farauta ya samo asali. Wasu sun ce daga mutanen garin Bayyasa ne, waɗanda suka gudo nan bayan sarkin Kastila ya ci garinsu a 1227. Ko ma wanne ne, unguwar ta cika ne da baƙin da aka koro daga arewa, musamman bayan faɗuwar Kurɗuba a 1236 da Ishbiliya a 1248. Mu da muka tashi a zango mun san irin wannan wuri tun ba a gama ba mu labari ba.

Bakin Kogi

Mu fara daga dandalin da ake kira Plaza Nueva, a gindin tudu. Shawararmu ita ce a fito da sassafe, a sa takalmi marar tsini, a riƙe gorar ruwa, domin a watan Yuli da Agusta zafin garin kan kai digiri 40. Ƙasan unguwar duk an dasa shi da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe, an yi zane da su, galibi hoton rumman, domin ma'anar sunan garin ke nan a Sifaniyanci. Suna da kyau ga ido, amma suna gajiyar da diddige.

A ƙarshen dandalin akwai majami'ar Santa Ana, wadda aka soma ginawa a 1537 a filin wani masallaci. Mai karatu, ɗaga kai ka dubi hasumiyarta ta jan bulo. Ƙararrawa ce a samanta, amma fasalinta na hasumiyar kiran salla ne, domin irin ginin da maginan garin suka gada ke nan. Wannan abu za mu yi ta cin karo da shi har mu sauko.

Daga nan sai mu bi titin Carrera del Darro. Kogin Daro na hannun dama, da gadoji biyu na dutse a kansa, ganuwar Alhamra kuma tana can sama kamar za ta faɗo wa mutum. A hannun hagu akwai wata ƙaramar ƙofa da ba wuya a wuce ta ba a lura ba. Gidan wanka ne na jama'a, ana kiransa El Bañuelo, ana kuma lissafa shi cikin gine-ginen ƙarni na 11. Ɗakuna uku ne a jere, na sanyi, da mai ɗumi, da mai zafi wanda ake hura wuta ta ƙarƙashin daɓensa. An huhhuda rufin da siffar taurari don haske ya shigo, tururi ya fita. Yawancin gidajen wankan garin an rushe su. Wannan ya tsira ne saboda an gina gida a jikinsa, aka kuma mai da shi wurin wankin tufafi.

Kaɗan gaba, a cikin lungu, ga abin da ya rage na asibitin da Sarki Muhammadu na biyar ya gina tsakanin 1365 da 1367. Bayan canjin mulki an mai da shi gidan buga kuɗi. In muka koma bakin kogi sai mu fito wani fili mai faɗi da mutanen gari ke kira Paseo de los Tristes, watau hanyar masu baƙin ciki, domin ta nan masu jana'iza kan wuce zuwa maƙabarta. Yanzu kujerun masu shan gahawa ne suka cika shi. Mu ɗan zauna mu huta, hawa na gaba.

Hawan Tudu

Hanyar da ta haura daga nan sunanta Cuesta del Chapiz, kuma ita ce mafi wahala a duk tafiyar. Dattijon da gwiwa ta dame shi sai ya shiga ɗaya daga ƙananan motocin bas da ke tasowa daga Plaza Nueva, mu haɗu a sama. A tsakiyar hawan akwai Casa del Chapiz, gidaje biyu na wasu masu hali daga cikin mutanen unguwar a ƙarni na 16. Tun 1932 makarantar binciken Larabci ce a ciki. Daga jikin gidan hanya ta ratse dama zuwa Sakaromonte, unguwar kogunan dutse inda 'yan ƙabilar Roma suka daɗe da zama, masu kiɗa da rawar filamenko. Mu sai mu yi hagu.

Ga mu a majami'ar El Salvador. Nan ne babban masallacin Albaisin yake a da, kuma har yanzu tsakar gidansa na nan da bakunan gini masu siffar kofaton doki. A nan ya kamata mu tsaya mu ji abin da ya faru.

A watan Nuwamba na 1491 sarkin Garnada na ƙarshe, Abu Abdullahi Muhammadu, wanda Turawa ke kira Bo'abdil, ya ƙulla yarjejeniya da Sarki Fardinan da Sarauniya Isabela. An rubuta cewa Musulmi za su riƙe addininsu da masallatansu da alƙalansu da dukiyarsu. Ranar 2 ga Janairu 1492 ya miƙa mabuɗan gari. A cikin shekarar nan aka kori Yahudawa daga ƙasar. Alkawarin da aka yi wa Musulmi kuwa bai cika shekara takwas ba. A 1499 babban limamin Kirista na Toledo, Sisneros, ya zo ya soma tilasta wa mutane sauya addini. A watan Disamba na wannan shekara mutanen Albaisin suka yi bore, aka mai da wannan masallaci majami'a, aka ce boren ya warware yarjejeniya. An tara littattafan Larabci a dandalin Bib-Rambla da ke cikin gari an ƙone, aka ware na likitanci kawai. Zuwa 1502 doka ta fito a duk ƙasar Kastila: ko mutum ya karɓi Kiristanci ko ya fita. Waɗanda suka zauna aka sa musu suna Moriskawa.

Duk da haka sun ci gaba da magana da Larabci a gida da kasuwa har kusan shekara saba'in. Ranar 1 ga Janairu 1567 aka yi shelar dokar Sarki Filib na biyu. An ba su shekara uku su koyi Sifaniyanci, daga nan ba magana ba rubutu da Larabci. An hana tufafinsu da sunayensu da kiɗan bikinsu da gidajen wanka, har da lalle. An ce su bar ƙofofin gidajensu a buɗe ranar Juma'a da ranar ɗaurin aure. Wani dattijo daga cikinsu, Faransisko Nunyes Mulai, ya rubuta wa hukuma takardar koke. Ya nuna cewa sutura da harshe al'adar ƙasa ce, ya kuma ja hankali cewa takardun gidaje da gonakin mutane da Larabci aka rubuta su, in an soke harshen ta yaya mutum zai tabbatar da abin da ya mallaka? Ba a saurare shi ba.

A ƙarshen 1568 yaƙi ya ɓarke a duwatsun Albusharat da ke kudu da birnin. 'Yan tawaye sun shigo Albaisin da dare suna kiran jama'a su fito, mutanen unguwar suka ƙi. Hakan bai cece su ba. A watan Yuni na 1569 aka soma kwashe su, zuwa ƙarshen 1570 an watsa mutum wajen 80,000 na ƙasar Garnada a garuruwan Kastila. Tsakanin 1609 da 1614 kuma aka kori Moriskawa kimanin 300,000 daga Sifen baki ɗaya, yawancinsu suka nufi Maroko da Aljeriya da Tunisiya.

Wannan shi ne asalin gidajen nan masu dogayen katangu farare da itatuwan lemo da inabi suna leƙowa, waɗanda baƙi ke ta ɗaukar hotonsu. Ana kiran irinsu karmen, daga kalmar Larabci mai nufin gonar inabi. Da unguwa ta zama kufai, sai masu kuɗi suka haɗe ƙananan gidaje da yawa suka mai da su gida ɗaya mai lambu.

Kasuwa Da Ƙofar Ma'auni

Mu ci gaba. Ta titin masu burodi za mu fito Plaza Larga, zuciyar unguwar, inda da safe ake kasa kayan lambu da 'ya'yan itace. A gefenta akwai tsohuwar ƙofar ganuwa, Arco de las Pesas, watau ƙofar ma'auni. In an kama ɗan kasuwa da ma'aunin ha'inci, sai a ƙwace a kafe shi a jikin bangon ƙofar don kowa ya gani, kuma har yau akwai wasu a maƙale. 'Yan kasuwarmu masu bubbuga gindin mudu, Allah Ya rufa asiri. Ƙofar ba miƙe take ba, sai an karya kwana a cikinta, don kada mahayin abokan gaba ya shigo a guje.

Bayan ƙofar, lungu zai kai mu dandalin San Nicolás. Daga nan ake ganin Alhamra sosai, jajayen hasumiyoyinta a jere, bayanta kuma duwatsun Siyera Nebada da ƙanƙara a kansu yawancin shekara. Mafi tsawonsu, Mulhasen, ya haura mita 3,400, kuma sunan mahaifin Bo'abdil ne aka sa masa, Maulai Hasan. Da yamma wurin kan cika maƙil da baƙi da masu garaya irin tasu. Mutum ya lura da aljihunsa, kamar a kowane taro.

Dab da dandalin ga sabon masallacin Garnada. 'Yan Sifen da suka musulunta ne suka sayi filin a 1981, aka sha jayayya da wasu maƙwabta da rashin kuɗi, sai a watan Yuli na 2003 aka buɗe shi, da taimakon Sarkin Sharja da wasu. Lambunsa a buɗe yake ga kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, kuma daga cikinsa ana ganin fadar ba tare da cunkoso ba. Matafiyi zai sami wurin alwala da salla.

Ruwa A Kan Tudu

Tun daga ƙasa mai karatu zai lura da wasu ƙananan gine-gine na bulo masu baka, da 'yar ƙofar ƙarfe, galibi a jikin majami'u. Rumbunan ruwa ne na ƙarƙashin ƙasa, sama da ashirin sun rage a unguwar. Ana kiransu alhibe, daga kalmar Larabci al-jubb, watau rijiya. Inda duk ka ga majami'a da rumbun ruwa a gefenta, galibi masallaci ne a wurin a da. Tambayar ita ce, ta yaya ruwa ya hau tudu alhali kogi na can ƙasa? Mutanen ƙarni na 11 ba su ɗauko shi daga kogin ba. Sun je wani marmaro a garin Alfakar da ke cikin duwatsu, wanda ya fi unguwar tudu, suka gina magudana mai tsawon kimanin kilomita 13, ruwa ya gangaro da kansa. Sunanta Ainadamar, watau idon hawaye. Mafi girman rumbunan, Aljibe del Rey, yana kan hanyarmu ta sauka, yana kuma cin lita 300,000, kimanin duro 1,500 ke nan. Waɗanda suka kori masu ginin ba su taɓa rumbunan ba, domin su ma suna jin ƙishirwa. An yi ta ɗiban ruwa a cikinsu har tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da famfo ya iso.

Muna gangarowa za mu wuce Dar al-Horra, gidan Gimbiya A'isha mahaifiyar Bo'abdil, wanda ya tsira domin an haɗa shi da gidan mata masu zaman ibada na Santa Isabel. Sai majami'ar San José, wadda hasumiyarta ta masallacin Murabiɗun ce tun ƙarni na 11, ba a canza mata komai ba sai ɗakin ƙararrawa da aka ɗora. Daga nan mu sauko Calderería Nueva, titin masu shayi da 'yan tireda, galibi mutanen Maroko na zamanin nan. Mu zauna a kawo mana shayi da na'ana'a. Tafiyar duka, da tsaye-tsaye, ba ta wuce awa huɗu ba.

Abin Da Muka Ɗauko

Wanda ya bi unguwar nan da ƙafa zai ga abin da ya saura da abin da ya tafi. Lungu da ganuwa da rumbun ruwa suna nan, kuma dole mu yaba wa mutanen Garnada na yau da ke kula da su. Hukumar UNESCO ta sa Alhamra cikin kayan tarihin duniya a 1984, ta ƙara da Albaisin a 1994. Amma Larabcin Garnada babu mai magana da shi a doron ƙasa. Ɓurɓushinsa kawai ya rage a bakin 'yan Sifen. Magajin gari suna ce masa alkalde, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da alƙali namu. In suna fatan abu sai su ce ohala, daga ambaton yardar Allah. Moriskawan arewa da suka riga suka rasa Larabci sun riƙa rubuta Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci, suna kiransa alhamiyado, watau ajami dai irin namu. A 1884 aka tono tarin irin waɗannan littattafai a ɓoye a ƙarƙashin daɓen wani gida a ƙasar Aragon, masu su sun tafi kusan shekara 300 ba su dawo ba.

Yau ma unguwar tana sake rasa mutanenta, wannan karon ba da dokar sarki ba. Masu gidaje sun ga hayar kwana biyu ga baƙi ta fi hayar shekara ga maƙwabci riba. Kuɗin haya ya tashi, masu ƙaramin ƙarfi suna fita, shagon burodi yana komawa shagon tsaraba. Mazauna sun sha fitowa da kwalaye suna kuka a kan haka.

To, mu dawo gida. Alhamdu lillahi muna zaman lafiya da maƙwabtanmu, ba wanda ya hana mu Hausa, ba wanda ya ce mu cire hula ko mu bar lalle. Amma a gidaje nawa ne a zangunanmu kaka ke yi wa jika magana da Hausa yana mayar mata da wani harshe? Gidaje nawa ne na gado suke zaune a kan alkawarin baki da aka yi wa kakanninmu, babu takardar da hukuma ta sani? Koken dattijon nan na 1567 a kan takardun gida ya kamata ya tsaya mana a rai. Takardun ajami da tsofaffi suka bari a cikin adaka, gara na cinsu, wa ya taɓa buɗewa ya ɗauki hotonsu ko da da wayar hannu? Rigakafi ya fi magani. Muna kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa su zauna a kan waɗannan abubuwa tun magada ba su fara sayarwa ba. Kuma duk abin da za mu gina, rijiya ko makaranta ko asibiti, mu gina shi yadda maƙwabci ma zai amfana, domin mun ga irinsa ne ya daɗe a Albaisin.

Wanda Allah Ya nufa da zuwa Garnada, ya sayi tikitin Alhamra ta intanet tun da sauran makonni, domin yakan ƙare. Albaisin kuwa lungunanta kyauta ne, ƙafa kawai take bukata.